Wai jikin maigidana na tsatsa daga ciki, in sayi maganin?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Aboabo nake, nan Kumasi. Maigidana walda yake yi a Suame Magazine, kuma yana shan sigari. Wani mai tallan magani ya je garejinsu da na'ura, ya ba shi wani ƙarfe ya riƙe, sai ya ce wai iskar oksijin na cin DNA ɗinsa, jikinsa na tsatsa daga ciki, ƙarshenta cutar kansa. Wai sai ya sha ƙwayoyin antioksidan, masu hana wannan tsatsar, na wata shida, kwalba sidi 450. Kuɗin makarantar yara ne a hannuna. In saya?

Malamin kimiyya, Asawase:
Wa alaikumus salam. Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta shiga kunne. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samu ƙarfi. Garin wannan aiki wani ɗan oksijin yakan kuɓuce, ya yi kaifi, ya far wa duk abin da ya tarar. Ita DNA, wato rubutun umarnin da ke cikin ƙwayoyin halittarmu, da haruffa huɗu aka rubuta ta, A, T, G da C, kuma G ce ta fi saurin kamuwa. In ta lalace, wajen kwafin DNA yayin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai a haɗa ta da A maimakon C, rubutun ya canja. Irin wannan kuskure in ya taru a mugun wuri yana iya jawo kansa.

Abin da mai tallan ya ɓoye shi ne, haka ke faruwa a jikin kowa kullum, har jariri, kuma Allah ya sa masu gyara. Akwai sinadarin OGG1 da ke bin DNA yana tsince G ɗin da ta lalace, a maye gurbinta. Kan binciken gyaran DNA ne ma Tomas Lindahl da wasu biyu suka ci kyautar Nobel a 2015. Ƙarfen nan kuwa ba ya auna komai, wannan awo aikin ɗakin gwaji ne.

Wata nas, Tafo:
Yaya, don Allah karanta jikin kwalbar. In akwai beta-karotin, wani nau'in antioksidan, kada ya sha. A Finland an gwada shi a kan maza masu shan sigari kusan 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. A Amurka ma sai da aka tsayar da irin gwajin a 1996. Kuma ba duka oksijin mai kaifin nan ne abokin gaba ba, da shi fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Ni sigarin ne ya fi damuna, sai hayaƙin walda, wanda tun 2017 hukumar binciken kansa ta WHO, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo kansa.

Wani tsohon mai walda:
Ƙanwata, ce masa ya riƙa fito da aikin fili inda iska ke kaɗawa, ya kankare fenti kafin ya sa wuta, ya nemi takunkumi mai matata. Madarar gwangwanin da yaranmu ke sha bayan aiki ba ta wanke huhu, ciki take tafiya.

Wata Hajiya, Sabon Zongo:
Sidi 450! 'Yata, je ki Kejetia ki sayo kontomire, zogale, lemu da gwanda, ki dawo da canji.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ya turo min hoton kwalbar, beta-karotin ne a layi na biyu. Saura sigarin, ta ina zan ɓullo masa ba tare da rigima ba?

Wata nas, Tafo:
Kada ki tare shi gaban yara. Nuna masa maganar Finland ɗin, sannan ku je asibiti tare a auna hawan jininsa, likita ya yi masa bayanin hanyoyin dainawa. In yana tarin da ya wuce mako biyu, ku fara faɗin wannan.