Taƙaitawa: Nas-nas da Rigakafin 'Ya'yansu

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunku, ku nas-nas, kan yadda kuke yi wa 'ya'yanku rigakafi, ban ƙara komai ba sai ra'ayina a ƙarshe.

1. Mafi yawa sun ce suna kai 'ya'yansu rigakafi kan lokaci: BCG (ta tarin fuka) da ta ciwon hanta bayan haihuwa, Penta (allura ɗaya mai kare cututtuka biyar) a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9. Hujjarsu ita ce abin da suka gani a ɗakin yara na asibiti, jariri yana numfashi da ƙyar saboda ƙyanda.

2. Masu saɓa rana sun ce aikin dare ne ke hana su, ba shakkar rigakafin ba. Shawarar da aka ba su: a duba katin yaro, a ci gaba daga inda aka tsaya, ba a faro allura daga farko.

3. Zazzaɓi da kumburin cinya bayan Penta kan lafa cikin kwana biyu. In ya wuce haka, a koma asibiti.

4. An rabu kan allurar HPV (ta kariya daga kansar bakin mahaifa) ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Wasu sun yi wa 'ya'yansu, wasu suna jira saboda jita-jitar hana haihuwa, wadda ba ta da tushe. Ni dai ina bayan na farko.