Ƙwallon besbol mai sa hannun Mickey Mantle a dilar gwanjo

Ɗan Nima: Assalamu alaikum jama'a. An ɓalle wata dilar gwanjo a kasuwar Kantamanto ta Accra, sai aka tarar da ƙwallon besbol a aljihun wata jaka, da sunan Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, a jikinta da shuɗin biro. Har da 'yar takarda mai cewa sa hannun na gaske ne. Mai kayan ya sa kuɗi mai tsoka. Ta ina ake fara dubawa?

Alhajin Sabon Zango: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye maganar rubutun tukuna, ƙwallon za ka fara yi wa tambaya. Kowace ƙwallon gasa tana ɗauke da tambarin kamfani da sunan shugaban gasar na lokacin, su ne shekarunta. Mantle ɗan ƙungiyar Yankees ta New York ne, a gasar American League, ya buga daga 1951 zuwa 1968, ya rasu a Agustan 1995. Ta zamanin wasansa, tambarin kamfanin Reach za ka gani, da sunan shugaban gasar William Harridge, ko Joe Cronin daga 1959. Kamfanin Rawlings bai karɓi aikin yin ƙwallon ba sai 1977. Lee MacPhail ya riƙe gasar daga 1974, Bobby Brown daga 1984 zuwa 1994, sannan Gene Budig. In kuwa ka ga sunan Bud Selig, kwamishinan besbol na wancan lokaci, a ƙwallon gasa ta yau da kullum, zance ya ƙare, don a 2000 aka fara buga wannan, shekara biyar bayan an binne mutumin.

Ɗan Nima: Na duba, Alhaji. Rawlings ce, Bobby Brown.

Alhajin Sabon Zango: To, lokaci ya yi daidai, a shekarun nan ya fi sa hannu a wuraren baje koli. Amma kada ka saki jiki, 'yan jabu ma irin wannan ƙwallon suke nema. Mantle na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a badaƙalar sa hannun jabu da hukumar bincike ta FBI ta bankaɗo a Amurka a 2000.

Malam Aboabo: Nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10. Biro na gaske yana lotsa fata, tawadar ta yi kauri inda aka danna, ta sirance inda hannu ya yi gudu. Na bugun inji a shafe yake, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai kwaikwayo kuwa zana harafi yake yi a hankali, shi ya sa za ka ga rawar hannu da ɗigo-ɗigo inda ya tsaya ya leƙi abin da yake kwafa. Ka zuba ido kan manyan haruffan M guda biyun, ka gwada su da hotunan waɗanda aka tantance na shekarun 1980, ba na ƙuruciyarsa ba, don hannunsa ya sauya sosai.

Hajiyar Asawase: Takardar nan ba hujja ba ce, ɗana, kowa na iya buga ta. Masu saye a waje sun fi yarda da kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA/DNA, JSA ko Beckett. In lambar ɗayansu na jiki, shigar da ita a shafinsu na intanet ka ga ko bayanin ya dace da abin da ke hannunka. Kafin nan, don Allah kada a goge ta da ruwa ko sinadari, kada a shafa mata mai. A riƙe ta ta wajen ɗinki. Danshin Accra na sa fata funfuna, rana kuma na cinye shuɗin biro, saboda haka a sa ta a akwati mai murfi tare da ƙunshi biyu na ƙwayoyin shanye danshi, irin na cikin kwalin takalmi.