Wa ya taɓa hawa ƙaramin jirgin kwal na Darjilin?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina karatu a Kolkata ta ƙasar Indiya, hutu ya gabato, abokaina sun dame ni sai mun je Darjilin, wani gari a kan tsaunuka, mun hau jirgin ƙasan nan da suke kira jirgin wasan yara. Kafin in ɓarar da ɗan abin da aka aiko mini daga gida, don Allah wanda ya taɓa hawa ya faɗa mini gaskiya.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka kuskura ka sa fararen kaya. Maigidana ya ci ado da farar shadda saboda hoto, ya kama bakin taga. Kafin mu kai tashar Gum, burbushin kwal ya mai da shi kamar mai sayar da gawayi a bakin kasuwa. Ni ma guda ya faɗa mini a ido, na yi ta hawaye, wata tsohuwa 'yar Nepal tana ta ba ni haƙuri da yarenta, ta ɗauka kewar gida ce. Layin kuwa faɗinsa ƙafa biyu ne kacal, da taki ɗaya ka tsallake shi. A gefen titin mota yake tafiya, yara na ɗaga masa hannu, masu babur na wuce shi abinsu.

Injiniya Kakuri: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni abin da ya kai ni ke nan. Kan jirgin da ya ja mu ƙirar Birtaniya ne, ya haura shekara ɗari, layin kansa an buɗe shi tun 1881. Da muka tsaya na leƙa, ga mai zuba kwal ya jiƙe da gumi duk sanyin nan. A can gaba kuma, a kan hancin injin, mutum biyu ke zama da yashi, suna watsa shi kan ƙarfe da hannu idan an zo hawa, don kada ƙafafun su yi santsi. Na daɗe ina kallonsu, har na manta da tsaunukan.

Ka dai lura da tikitin da za ka yanka. Na kwal ɗin gajeren zango yake yi, Darjilin zuwa Gum a dawo, wajen awa biyu. Doguwar tafiyar daga New Jalpaiguri, kilomita 88, mai dizal ne ke ja, kuma ta kan ci awa bakwai ko fiye. A can ne za ka ga inda dutse ya hana shan kwana, sai jirgi ya yi gaba, ya ja da baya yana hawa, ya sake yin gaba. A Kurseong kuwa ta tsakiyar kasuwa yake ratsawa, in ka miƙa hannu sai ka taɓa kayan mai tireda.

Bazazzagi: Ni kam ban ji daɗi ba. Da damina na je, hazo ya rufe ko'ina. An tsaya da mu a Batasia, inda layin ya yi zobe, aka ce mu dubi Kancanjanga, tsauni na uku a tsawo a duniya. Fari fat kawai na gani. Ga wani ɗan kamasho ya tsawwala mini kuɗin tikiti, sai daga baya na gane. Ka je bayan ruwa ya ɗauke, Oktoba ko Nuwamba, da damina har zaizayar ƙasa kan datse hanyar. Kuma ka riƙe rigar sanyi mai kauri, Gum tana mita 2,258 ne sama da teku, sanyin hunturun Kano wasa ne.

Baba Na Jos: 'Ya'yana, mu ma fa mun taɓa yin irinsa. Akwai ƙaramin jirgin da ke tashi daga Zariya ya haura tudun Jos har Bukuru saboda kuza. Sunan Bauchi ya ci, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. An rufe shi a 1957, ban riske shi da wayo ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce idan ya zo hawa, samari kan sauka su bi shi da ƙafa suna hira da na ciki.

Ɗan Fagge: Allah ya jiƙan Baba. Na gode ƙwarai, na ɗage tafiyar zuwa Nuwamba. Hajiya, shaddar ta wanku kuwa?

Maman Biyu: Ina! Wanki uku, sai rini muka kai ta.