Shawarwari kan motar ɗaukar marasa lafiya ta unguwa

1. Kusan kowa ya yarda mota kaɗai ba ta isa: sai da direba mai kwana cikin shiri, asusun mai, da lambar waya guda.
2. 'Yan agaji su koyi tsayar da jini.
3. Lungunan cikin birni mota ba ta shiga, sai a ajiye keke napep.
4. An rabu kan asibiti. Wasu sun ce a fara zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, Zariya, don kusa, wasu sun ce mai naƙudar da jini ya ɓalle mata a wuce da ita asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.
5. Kuɗi ma haka: karo-karon wata, ko dangi su sayi mai. Ni dai karo-karo ya fi kwanta mini, tsakar dare ba kowa ke da kuɗi a hannu ba.