Zan fara tsaron shagon kayan masarufi, me zan kiyaye?

Autan Kawo: Assalamu alaikum. Shekaruna 17, ranar Litinin zan fara aiki a wani shago a Unguwar Rimi. Don Allah manya, ku ba ni shawara.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam, yarona. Kafin ka fara, wani babba daga gidanku ya zauna da maigidan a yanke albashi, lokacin tashi, da wanda zai biya idan kuɗi suka yi giɓi. In mutum ya ce ya tura kuɗi, kada ka saki kaya don hoton rasit. Sai kuɗin sun shiga asusun shago, domin alat na bogi ya yi yawa.

Hajiya Maimudu: Ɗana, raba sabulu da omo daga sukari da fulawa, don sukari da fulawa suna ɗaukar ƙamshi. Buhu a kan katako ake ɗora shi, don damina na jiƙa daɓen siminti. Sabuwar madara ta koma baya, tsohuwa gaba, kana duba ranar lalacewa.

Malam Na-Bacci: Ƙirga katan kafin mai kawo kaya ya tafi. Bashi kuwa, ko ɗan'uwanka ne, sai da izinin maigida, kuma ka rubuta nan take.