Labarin yara: in faɗi darasin a ƙarshe ko in yi shiru?

Malamar Lahadi:
Salama gare ku. Shekara huɗu ke nan ina koyar da yara 'yan shekara 6 zuwa 9 a makarantar Lahadi, bara kuma na fara rubuta musu gajerun labarai da kaina. Na baya-bayan nan a kan wata yarinya ne da ta fasa tabarau ɗin kakarta, ta cusa shi ƙarƙashin katifa, ta bar ƙaninta ya sha faɗa. Ina karantawa aji ya yi tsit. Akwai wani yaro da ba ya iya zama wuri ɗaya, amma da kakar ta zo gyara gado sai ga shi ya toshe baki da hannu biyu. Ina isa wurin da na rubuta "yara, wannan labari yana koya mana," kowa ya fara laluben takalminsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin saboda darasin nan na zauna na rubuta labarin. In na cire shi, ina tsoron ya zama hira kawai. Ku da kuka riga ni, yaya kuke yi?

Kakan Yara:
'Yata, yaron da ya toshe baki ai ya riga ya ji wa'azinki. Buɗe 2 Sama'ila sura 12. Annabi Natan bai shiga wurin Dawuda da tsawa ba. Ya ba shi labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, tana ci daga abincinsa, tana sha a ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yar cikinsa, sai wani mai arziki ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Sai da Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci da bakinsa cewa a biya ninki huɗu, sannan Natan ya ce masa shi ne mutumin. Dubi kuma Luka 15. Labarin ɓataccen ɗa ya ƙare uban yana waje yana lallashin babban wa. Ya shiga biki ko bai shiga ba? Yesu bai faɗa ba. Na haura saba'in, har yau nakan kwana da tambayar nan.

Maman Tagwaye:
Baba, a yi mini haƙuri, ban yarda a cire gaba ɗaya ba. A Markus 4 Yesu ya zauna da almajiransa ya fassara musu misalin mai shuka, iri da iri, su kuwa manya ne. Na taɓa karanta wa nawa labarin yaron da ya yi ƙarya ya tsira, washegari ɗaya ya ce wai yaron wayo gare shi. Ɗan shekara shida yana iya ɗaukar labari ta wutsiya. Abin da nake yi yanzu, in rufe littafin in tambaye su, kamar yadda Yesu ya tambayi masanin Attaura a Luka 10, bayan misalin Basamariye mai kirki, wane ne cikin mutum ukun da suka bi hanyar ya zama maƙwabci. Amsar ta fito daga bakinsu, in ta karkace in gyara.

Mai Zane:
Malama, ni hotunan littattafan yara nake zanawa, kuma rubutun da ya fi ba ni wahala shi ne wanda ba abin zanawa a cikinsa. "Ta yi nadama ƙwarai," me zan zana a nan? Amma ki ce ta kasa kallon ƙaninta, ta yi ta murza bakin rigarta, nan take na ga shafin. C. S. Lewis, wanda ya rubuta littattafan yara na Narnia guda bakwai da suka fito tsakanin 1950 da 1956, ya musanta cewa ya fara jera koyarwar Kirista ne sannan ya nema mata labari. Ya ce da hoto abin ya fara: wata halitta, rabi mutum rabi akuya, riƙe da laima a daji mai dusar ƙanƙara, hoton da ke kansa tun yana wajen shekara 16. Aslan, zakin labarin, ma daga baya ya shigo. Bangaskiyarsa ta shiga labarin domin tana cikinsa. Taki ma tana cikin kakar nan. Me ta yi da ta ɗaga katifar?

Malamar Lahadi:
Na gode muku duka. Tambayarka ta kama ni, ɗan'uwa, domin a rubutun farko layi ɗaya na ba kakar, darasin kuwa layi goma. Na sake rubutawa. Yanzu kakar ta ɗauki tabarau ɗin, ta zauna a bakin gado, ta kira yarinyar ta zura mata zare a allura tunda ita ba ta gani. Zaren na hannunta yarinyar ta fashe da kuka. Ranar Lahadi na karanta, na rufe littafin kamar yadda Maman Tagwaye ta ce. Kafin in buɗe baki wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malama, to ƙanin fa? Wa zai ba shi haƙuri?" Ni kaina na manta da shi a labarin. Shi nake rubutawa a daren nan.