Iyafis mara waya a ƙarƙashin hular kwano: wanne ya zauna muku a kunne?

Ɗan Kai Saƙo, Abuja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu babur. Aikina kai kaya ne tsakanin Wuse, Garki, Gwarimpa da Kubwa, kuma a wurin aikinmu dole ne hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya. Kiran kwastoma ba ya yankewa, ga Google Maps da nake so ta riƙa faɗa mini kwana a kunne maimakon in riƙa leƙen waya ina tuƙi. Iyafis ɗina mai wutsiya ne, irin wanda ke saukowa gefen kumatu. Da zarar na zura hula sai soson ciki ya ture shi. In ya tsira wajen sawa, ba ya tsira wajen cirewa, na dama ma yanzu yana cikin wata kwata a Wuse. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa da kansa ya faɗa mana abin da ya gani. Ba talla nake nema ba.

Mai Boxer, Zariya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mai wutsiya da hular da ta rufe kumatu ba sa shiri, ko nawa ka saye shi. Ka manta da maganar daɗin sauti tukuna, ka fara da tudu. In ka sa shi, ka tsaya gaban madubi ka kalli fuskarka kai tsaye. Idan kana hango shi ya leƙo ya wuce fatar kunne, hula za ta kama shi. Ni kuma ina ƙarawa da danna tafin hannu a kan kunnen da ɗan ƙarfi. Abin da ka ji a minti ɗaya, shi za ka ji ninki-ninki bayan awa biyu a hanya.

Wanda ya zauna mini shi ne irin wanda aka yi don masu barci a gefe ɗaya. Shafaffe ne, yana nutsewa cikin kunne. Anker na yin su da sunan Soundcore Sleep, akwai na wasu kamfanonin ma. Sai dai ka tambaya da kyau, don da yawa daga cikin na barcin ba su da makirufon amsa kira. Ni karatu da labarai nake ji, bai dame ni ba, kai kuwa kira ne abincinka.

Yadda ake sa hular ma yana da nasa. Ka kama igiyoyin haɓa biyu, ka buɗa su waje sosai kafin kai ya shiga, haka ma wajen cirewa. In ka sa siririyar hular roba a ciki ta rufe kunnuwa, an rage rabin wahalar, ko ya fita a cikin hular zai tsaya, ba a kan kwalta ba.

Mai Shago, Farm Centre Kano:

Abin da Malam na Zariya ya faɗa haka yake. Ni babur ɗina na zuwa kasuwa ne kawai, amma masu kai saƙo suna zuwa wurina kullum, kuma ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne. Na farko, taɓawa. Yawancin na yanzu ba su da maɓalli, shafawa ake yi, to soson hula in ya jiƙe da gumi shi ma shafawar yake yi. Kana cikin magana sai kira ya katse, ko waƙa ta tsallake, ko ƙara ta haye da kanta. Na biyu, akwai masu gane an cire su daga kunne su tsayar da sauti, hula na ɗan motsa su sai su ɗauka an cire. Duka biyun ana iya kashe su a wasu, amma sai mai manhaja a waya. Kafin ka biya, ka ce mai shago ya buɗe maka manhajar ka gani da idonka. Manyan kamfanoni irin Oraimo, Samsung da Sony suna da manhaja, jabunsu kuwa kwali ne kawai ya yi kama.

Sai lambar da ke jikin kwali, IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In ka ga IPX4, yana jure yayyafi da gumi, amma X ɗin nan na nufin ba a ba shi matakin ƙura ba. Mu da hunturu ke turnuƙe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, IP54 ko IP55 ya fi mana.

Shawarata ga mai aiki irin naka, kada ka raina na wuya, mai igiya da ke haɗa kunnuwa biyu. Batirinsa na kan wuya, don haka kan da ke shiga kunne ƙarami ne, maɓallinsa na gaske ne da za ka iya dannawa da safar hannu, cajinsa ya fi daɗewa, kuma in ya fita sai ya rataye a ƙirjinka. Samari ba sa son sa wai ya tsufa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya dawo neman ɓari ɗaya na irinsa ba.

Kada kuma a bar gidan cajin cikin akwatin baya a rana. Zafi na kashe ƙaramin batir da wuri.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Kano:

Yara, ku yi haƙuri da dattijo. Na yi acaɓa a garin nan tun kafin a hana ɗaukar fasinja a 2013. Ina kan babur lokacin da 'yan Road Safety suka matsa da dokar hula a farkon 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Wancan lokacin faɗan da ake yi da mu a rufe kai ne. Yau kuma an rufe kan, ana neman yadda za a toshe kunnen.

Mai babur da kunne yake tsira. Madubi gefe biyu yake nuna maka, kunne kuwa yana kawo maka abin da ke bayan motar da ke bayanka. Wata rana a hanyar Haɗeja, wajen Yankaba, tirela ta taho birki ya ƙi. Ban gan ta ba, hon ɗinta na ji da ihun masu shaguna, na faɗa gefe da fasinjata. Da akwai kiɗa a kunnena da wani ne ke ba ku labarin nan. In kira ya shigo, a tsaya a amsa. Kwastoman da ba zai jira minti ɗaya ba, ba zai zo duba ka a asibiti ba.

Ɗan Kai Saƙo, Abuja:

Allah ya ƙara girma Baba, gaskiya ka faɗa. Ni kunne ɗaya nake sawa, na dama, na hagu da ke wajen motoci a buɗe yake. Ba kiɗa nake ji ba, taswira ce.

Na Hanyar Damagaram:

Baba, da girmanka, a cikin gari ina bayanka ɗari bisa ɗari. Amma doguwar hanya wani abu ne daban. Ni Maraɗi zuwa Damagaram nake yi da moto, wato babur, in na wuce Tasawa hanya ta miƙe, abin da ke cika kaska, wato hular kwano, ba hon ba ne, iska ce. Wuuu ɗin nan tun daga fita har isa. Da can kunne a buɗe nake tafiya, in na sauka sai in ji kaina ya yi nauyi, kunne na ta ƙugi har bayan isha'i. Da na koma sa masu kan soso, irin wanda kake murzawa ya ƙanƙance sannan ya kumbura a cikin kunne, sai iskar ta ragu, kuma abin mamaki na fi jin hon da ƙarar injina fiye da da. Sau da yawa ma ba na kunna komai, toshewar kawai nake so.

Abin da bai yi mini ba shi ne mai kashe hayaniya da lantarki. A cikin mota ko ɗaki yana aiki, amma makirufonsa na waje ne, in soson kaska ya danne shi sai ya riƙa wani siririn fito, in kuma iska ta shigo ta ƙasan haɓa sai ya riƙa bubbuga kunne. Na kashe shi gaba ɗaya. Haka wanda ake cewa yana shigo maka da sautin waje: a tsaye lafiya lau, a guje iskar yake ƙara maka. Don haka kada ka ƙara jikkuna saboda waɗannan biyun in don moto kake saye.

Na kuma ari irin wanda ke zama a kan ƙashin gaban kunne, ba ya shiga ciki. Tunanin mai kyau ne, amma sandarsa da ke zagaye ƙeya ba ta shiga kaska mai rufe fuska.

Ma'aikaciyar Jinya, Sakkwato:

Sannunku. Ni ma da ƙaramin babur nake zuwa aiki, kuma mu mata mun samu sauƙi ta nan: ɗankwali da hijabi suna riƙe iyafis ɗin, hula ta bi ta kai sumul. Amma ɗan kunne mai tsini a baya da iyafis da hula, ukun nan ba sa haɗuwa, sai an cire ɗaya.

Abin da Malam na Damagaram ya ce game da ƙugin kunne, kada a ɗauke shi wasa. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. Iskar cikin hula a gudun kilomita 100 tana wuce 90. To ka ga wanda ya sa iyafis da ba ya toshe iska, ya ƙure ƙara don ya rinjayi iskar, ƙara biyu ya tara wa kunne ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in suka mutu ba sa dawowa. Saboda haka ni a wurina wanda ya toshe da kyau aka kunna shi ƙasa-ƙasa ya fi wanda ya zauna sako-sako aka ƙure shi.

Ɗayan abin da muke gani shi ne ciwon ramin kunne. Gumi, ƙura, roba a toshe tun safe har yamma, sai ƙaiƙayi, sai ruwa. A riƙa cire robar ana wankewa, a bari ta bushe, kuma a daina ba da aro. In kunne na ciwo ko yana zubar da ruwa, a ajiye iyafis ɗin a je asibiti, kada a tura tsinken ashana.

Baba, in ka ce in ajiye duka, ni ba zan yi musu da kai ba.

Ɗan Gobir a Faransa:

Ni kai abinci nake yi da sikuta a Lyon, kuma nan doka ta raba gardamar. Tun 1 ga Yuli 2015 an hana mai tuƙi sa komai mai fitar da sauti a kunne, ko kunne ɗaya ne, har mai keke. Tarar Yuro 135 ce, a kuma cire maki 3 a lasisi. Abin da aka bari wa masu babur shi ne na'urar da ke haɗe a jikin hula, wato ƙananan lasifika biyu shafaffu da ake mannawa a ramin kunne na cikin hular, da makirufo a gaban baki. Cardo da Sena su ne sanannu, akwai kuma masu araha da yawa. Tunda na koma kansu ban sake neman wani abu a ƙasa ba. Kunne a buɗe yake, maɓallan manya ne a gefen hagu, makirufon na cikin hula inda iska ba ta kai masa sosai. A gudu mai yawa sautin yana raguwa, wannan gaskiya ne, amma ga taswira da kira a cikin gari ya isa.

Roƙo ɗaya: in lasifikar ba ta samu wuri ba, kada a sa wuƙa a rarake farin abin nan mai tauri da ke ƙarƙashin soso. Shi ne ainihin hular, shi ke shanye bugu in an faɗi.

Mai Boxer, Zariya:

Na Faransa, hulunanku ne ke da ramin. Yawancin waɗanda ake ba mu kyauta da sabon babur ba su da shi, roba ce da ɗan yadi. Na manna lasifika a irinta, ta naɗe mini kunne har ya yi ja, ga ni da tabarau, sandar ta shige nama. Sai da na canja hula zuwa mai tambarin ECE a igiya, wato shaidar ingancin hula ta Turai, sannan ta zauna. Wanda zai bi wannan hanyar ya zura yatsa cikin hularsa tukuna, ya ji ko akwai gurbi daidai kunne. In babu, kuɗin hula ma na cikin lissafi.

Ɗan Kai Saƙo, Abuja:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je kasuwar wayoyi ta Banex da hulata a hannu, masu shaguna suna ta dariya, amma na gwada a gabansu. Na ɗauki ƙarami mara wutsiya mai manhaja, na kashe shafawar, na sa robar da ta fi ƙanƙanta, na sayi hular ciki. Faɗuwa dai ta ƙare. Saura abu ɗaya: ina jin kwastoma tas, shi kuwa in ina tafiya cewa yake kamar daga cikin rijiya nake magana. Dole sai na tsaya na ɗaga gilashi, ka ga maganar Baba ta biyo ni ta bayan gida. Mai Shago, na wuyan nan makirufonsa yana fita a guje?

Mai Shago, Farm Centre Kano:

A guje ya fi naka muni, don shi a waje yake, iska na dukansa kai tsaye. Wasu na tura shi cikin kwalar riga, yana ɗan taimakawa a go-sulo. In magana a tafe kake so dole, sai na jikin hula da na Faransa ya faɗa. Ka duba hular wurin aikinku, in soson kumatunta mai ɓallewa ne, za a iya bi da wayar ta ƙarƙashinsa ba tare da an huda komai ba. Ka fara tambayar ogan naku ko zai yarda a manna.